Tambaya da Amsa: Ya Dace Masu Ƙera Waya Su Gina Nasu Dandalin Zumunta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da waya a Adum da ke Kumasi, kuma kullum muna gardama da maƙwabcin shagona. Shi a ganinsa kamfani irin Tecno ko Samsung, da wayoyinsu suka cika hannun jama'a, asara suke yi da suka bar mutane suna hira a WhatsApp da Facebook, gara kowanne ya gina nasa dandalin. Ni ban yarda ba, amma ba ni da hujja. Ku raba mana gardama. Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya tana wajenka. Shawarar maƙwabcinka an riga an gwada ta, kuma manya ne suka gwada. Apple ta buɗe Ping a 2010 don masu sauraron waƙa, ta rufe shi a 2012. Samsung ta fito da ChatON a 2011, ta zuba shi a wayoyinta tun daga masana'anta, har ta bar masu wasu wayoyin su sauke, duk da haka ya mutu a 2015. Xiaomi ta riga WeChat fitowa da MiTalk a ƙarshen 2010, WeChat ta kwashe jama'ar, aka rufe MiTalk a 2021.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne BBM na BlackBerry, domin shi kam ya samu karɓuwa ta gaske. Ka tuna lokacin da samari ke musayar PIN, mutum ya tura saƙo ya zuba wa harafin D ido yana jiran ya koma R, alamar an karanta. Sai dai babu mai shiga sai da BlackBerry a hannu. WhatsApp da ta zo a 2009 lambar waya kawai take nema, kuma ba a daɗe ba ta hau Nokia da Android da ita kanta BlackBerry. Sai a Oktoban 2013 aka buɗe BBM ga sauran wayoyi, ihu bayan hari. An rufe shi ga jama'a a Mayun 2019.

Ku yi wannan lissafin tare da maƙwabcin naka. Ɗauki gida guda a Zango mai mutum 10. Idan kowa zai iya magana da kowa, hanyoyin hira tsakanin mutum biyu-biyu 45 ne. A ce huɗu ne ke riƙe da wayar kamfani ɗaya, dandalin kuma a wayar kamfanin kaɗai yake aiki: hanyoyin sun koma 6. Hajiya tana da Itel, ɗanta na Jamus yana da iPhone, amarya ta sayi Samsung ta hannu, kuma baɗi idan sikirin ya fashe kowa abin da kuɗinsa ya kai zai saya. Wa zai kafa zauren biki ko na makarantar Islamiyya a inda kaso mafi yawa na dangi ba za su iya shiga ba? In kuwa kamfanin ya buɗe wa kowa ƙofa, to dandalin ya daina zama dalilin sayen wayarsa. Nan ne cikas ɗin yake, kuma har yau ba mu ga hanyar kauce masa ba.

Sai kuɗi. Waya sau ɗaya ake sayar da ita a karɓi riba, dandali kuwa kullum sai ya ci. A ƙaddara mutum 100,000 kowanne ya ɗora bidiyo ɗaya mai nauyin megabait 10 a rana. Terabait guda ke nan na sabon kaya da za a adana kowace rana, in kuma an kalli kowane bidiyo sau 50, terabait 50 za su fita daga kwamfutocin ajiya. Ga ma'aikatan tace abin da ake ɗorawa, waɗanda dole su ji Hausa da Twi da Dagbani kafin su gane zagi, ko su kama mai damfarar MoMo (tura kuɗi ta waya) da ke cewa ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa. A Ghana kuma dokar kare bayanai ta 2012, wato Act 843, ta wajabta wa mai tara bayanan mutane yin rajista da hukumar da ke kula da hakan.

Maƙwabcinka zai iya kawo misalin iMessage na Apple, wanda ke nan tun 2011. Amma shi yana zaune ne cikin manhajar saƙon tes, in wanda ka rubuta wa ba shi da iPhone sai saƙon ya bi hanyar da aka saba. Boomplay kuma, manhajar sauraron waƙa da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix, ta rayu ne saboda sauraron waƙa ba ya jiran aboki ya shigo.

A ganinmu kuɗin masu ƙera waya ya fi amfani a batir mai kai dare, da sikirin na asali da mai gyara zai samu da araha, da sabunta tsaron waya shekara da shekaru, da allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ tun daga kwali. Tecno da layi biyu da kyamara mai fito da baƙar fata tas ta ci kasuwar Afirka.

TAMBAYA: Ina sayar da atamfa. Sabuwar wayata ta zo da wata manhajar hira da bidiyo, mai shagon ya ce in riƙa tallata kayana a ciki. Ga shi kuma data ba ta kwana. Yaya zan yi? Daga wata Hajiya a Nima, Accra.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, ki tambayi abokan cinikinki goma ko suna buɗe wannan manhaja. In ba su kai rabi ba, kada ki ɓata lokacinki.

Don gano mai shan datar, ki shiga Settings, ki nemi Data usage. Zai jero manhajoji da abin da kowacce ta sha a wata. Irin waɗannan suna sauke bidiyo a ɓoye tun ba ki buɗe su ba, shi ya sa. Ki taɓa sunanta ki kashe Background data. Daga nan ki koma Apps, ki same ta, ki shiga Permissions ki janye izinin ganin lambobin mutanenki da hotuna da wurin da kike. Wadda ta zo da waya sau da yawa ba ta gogewa, amma za ki ga Disable. Ki danna shi, za ta ɓace daga fuskar wayar ta daina aiki. In maɓallin ya ƙi dannuwa, ki yi Force stop ki kashe sanarwarta. Kada ki taɓa Google Play services ko wata manhajar da ba ki san aikinta ba, don waya na iya rikicewa.

In kin riga kin ɗora kaya a ciki, ki sauke hotunan zuwa wayarki kafin ki kashe ta. Lambobin masu saye kuma ki adana su a asusunki na Google, sannan ki kwafe na manyan dillalanki da masu bashi a littafin shago.