Kafin ka sayi manhajar adana zane, tsaya tukuna

Tambaya: Ina da wurin ƙira a Sabon Gari, shekara tara muna haɗa injin casar masara da na niƙa. Zanukanmu sun watse: wasu a manhajar zane ta AutoCAD, wasu a takarda, wasu a WhatsApp ɗin yarana. Idan manomi ya dawo neman irin injin da muka yi masa, sai mu sake awo daga farko. An ce in sayi manhajar adana zane ta SolidWorks PDM. Ya dace?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. An yi wannan manhajar ne domin kamfanin da injiniyoyi da yawa ke taɓa zane ɗaya, don kada wani ya goge aikin wani. Tana son babbar kwamfuta da ke kunne kullum da mai kula da ita, ga kuma halin wuta da ka fi ni sani. Ko ka saye ta, abin da ka zuba mata shi za ta dawo maka da shi.

Ina zargin matsalarka a suna take. Na tabbata akwai folda a kwamfutarka mai suna “injin Alhaji na Giwa” da wata “sabo na ƙarshe”. Bayan shekara biyu wa zai tuna wane Alhajin? Ba wa kowane ɓangare lambarsa: CM-014 shaf ɗin injin casa, in an gyara ya zama CM-014-B, tsohon kuma a bar shi, kada a goge. Ka tara sassan bisa kamanninsu, shaf da shaf, fuli da fuli, domin shaf ɗin injin casa yakan shiga wani injin da ɗan gyara kaɗan. Dabarar tsohuwa ce. Farfesa Opitz na Aachen a Jamus ya yi suna da tsarin lambobi da ke rarraba sassa bisa siffarsu.

Sai rajista, a Excel ko a littafi mai bango mai ƙarfi: lamba, girma, irin ƙarfe, wanda aka yi wa, da dalilin gyara. Gurbin ƙarshen nan ya fi sauran daraja. Zane zai nuna shaf ya tashi daga milimita 25 zuwa 30, boris ya koma 6206 maimakon 6205, amma ba zai faɗa maka cewa na farkon lanƙwashewa ya yi da aka cusa masa ɗanyar masara ba. Wannan bayanin yana cikin kan babban yaronka, ranar da ka yaye shi kuwa ya tafi da shi.

Abin saye: faifan ajiya na waje guda biyu, ɗaya ya riƙa kwana a gida. Takardun ka ɗauke su hoto kafin gara da damina su riga ka. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, manhajar Everything kuma, ita ma kyauta, tana zaƙulo fayil da sunansa nan take a Windows.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Samaru. Lasisin ɗalibai na manhajar zanena zai ƙare idan na gama. Yaya zan yi da zanukan aikina na ƙarshe?

Amsa: Malama, tun kafin ya ƙare ki fitar da kowane zane a nau'in fayil uku: STEP don siffa mai kauri, DXF don shimfiɗaɗɗen zane, PDF don bugawa. Manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce kuma tana buɗe STEP. Sai dai STEP siffa yake riƙewa, ba matakan da kika bi ba, saboda haka ki rubuta lissafinki a gefe, ki ajiye ainihin fayil ɗin ma.