Amsa ga Hajiyar da ke son kai yara Dutsen Kufena

Hajiya, wallahi da na karanta tambayarki sai da zuciyata ta sosu. Kin ce kina son kai yaranki su hau Dutsen Kufena da ke Wusasa, gefen Zariya, a wannan dogon hutun, amma kina tsoron 'yan jagora tunda wani ya taɓa karɓe miki kuɗi ya watsar da ku a hanya. To ni ma an yi min, kuma a kan dutsen nan da kike magana.

Daga Kawo a nan Kaduna muka shiga mota da sassafe, ni da ƙanwata da yara, muka isa Wusasa hantsi bai gama ɗagawa ba. Wani saurayi ya tare mu, baki kamar zuma, wai shi haifaffen gindin dutsen ne. Muka yi ciniki muka daidaita. Sai da muka yi nisa, muka kai inda dutsen ya yi sulɓi babu abin kamawa, ga hadari ya haɗo ta gabas, sannan ya ja ya tsaya. Wai kuɗin da muka yi magana na hawa ne, na sauka daban. Na ce ɗana ka ji tsoron Allah, dubi yaran nan. Ko a jikinsa. Ya samu wuri ya zauna yana danna waya. Autata ta ƙanƙame min zani tana kuka, silifas ɗin ƙanwata ya tsinke, iska na neman ture mu. Na zazzage masa abin da ke jakata har da kuɗin motar komawa. Kuma kin san me ya yi? Yayyafi na farawa ya yi gaba abinsa, ko waige. Da ja da gindi muka sauko, wani dattijo da ke dawowa daga gona shi ya ɗauki ƙaramar a kafaɗa, kuma ya ƙi karɓar ko sisi daga hannun ƙanwata. Ba kuɗin ke min ciwo ba. Yarana sun ga uwarsu tana roƙon yaron da ta haife shi a girme, wannan ne na kasa mantawa.

Don haka ki rufa wa kanki asiri, kada ki hau a watan Agusta. Dutse in ya sha ruwa santsi gare shi. Ki bari sai damina ta ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya rufe ko'ina. Lokacin dawa ta yi kai, gonaki shar, daga sama ki hango Zariya shimfiɗe a gabanki. Ranar da na sake komawa a irin wannan lokacin har ƙwalla na yi.

Kuma kada ki bi wanda ya tare ki a bakin titi. Ki nemi gidan mai unguwa, ki gaishe shi, shi ya haɗa ki da yaron da ya san iyayensa. A yanke kuɗin hawa da sauka a gaban mutane, cikon sai ƙafarki ta taɓa ƙasa. Ki je da namiji babba, a sa takalmi mai kama ƙafa, a ɗauki ruwa da yawa. Ki tambayi mutanen wurin lafiyar hanya tukuna, kin san halin da ake ciki, kuma kafin la'asar ki kasance kin juyo.

Tunda kin je ma, kada ki dawo ba ki shiga cikin birni ba. Ki nuna musu Ƙofar Doka da abin da ya rage na ganuwa, don gine-gine na ta cinye ta, abin na ba ni takaici. Akwai tsohon Masallacin Juma'a da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina wajen shekarun 1830, ga kuma tsohuwar cocin ƙasa a Wusasa tun 1929. Yaranmu suna haddace sunan Sarauniya Amina don jarrabawa, amma ba su taɓa taka ƙasar da ake ba da labarinta ba.

In kuwa naki ƙanana ne sosai, ki haƙura da hawan bana. Ki kai su wurin shaƙatawa na Gamji su ga Gadar Lugard, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a dawo da ita nan Kaduna, daga nan ku wuce gidan tarihi da ke titin Ali Akilu su ga kayan yumɓun Nok, irin waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Nawa sun fi son kawunan yumɓun nan da komai. In kin tsayar da ranar Kufena ki faɗa a nan, mu da yawa muna so, a haɗa mota ɗaya.