Amsa ga ɗana na Argungu kan hidimar da nake wa dabbobi

Ɗana, ka tambaye ni ko da gaske ne ina yi wa dabbobi hidima; abin da ka ji gaskiya ne. Tun da na yi ritaya a Ingila nake zuwa wani ƙaramin gidan riƙon dabbobi da ke unguwarmu, kuma duk wata ina cire musu ɗan wani abu daga fanshona. Ba ni kaɗai ba ne cikin dattawanmu na nan.

A ƙasar nan ba a barin kare yana gararamba. In ya ɓata, ƙaramar hukuma kan tsare shi kwana 7, in mai shi bai zo ba a nema masa wani gida. Tun 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata don a gane mai shi, a 2024 aka haɗa da kyanwa. Gidajen riƙon kuwa da sadakar jama'a suke tafiya, ƙungiyar RSPCA mai hana zaluntar dabbobi ma tun 1824 take wannan aiki. Nawa aikin wanke kwanoni ne da canza shimfiɗa. Akwai wata tsohuwar kyanwa mai ido ɗaya da uwar ɗakinta ta rasu, ba ta taɓa abinci sai mutum ya zauna kusa ya ɗora mata hannu a baya. Ni nake zama da ita.

Inda maganarka ta sosa mini rai shi ne da ka ce mutanen Zamfara na gudun 'yan bindiga suna kwana a makarantu, ni kuwa ina ciyar da kyanwa. Kana tsammani ba na kwana da wannan a zuciya? Zakkata ba ta taɓa shiga gidan dabbobi ba, aya ta 60 a Suratut Tauba ta fayyace masu cin ta, kuma gida take zuwa. Karo-karon da muke yi a nan don marayu da 'yan gudun hijira bai tsaya ba. Na dabbobin sadaka ce 'yar kaɗan, wadda gwamnati ke ƙara fam 1 kan kowane fam 4 in mai bayarwa yana biyan haraji.

Batun najasa kuma, a Malikiyyar da muka tashi a kanta kare mai rai mai tsarki ne. Ban ajiye shi a gida ba. Amma ka san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana da wani fasasshen kasko a gindin darbejiyar ƙofar gida. Da bazara kullum bayan asuba sai ya cika shi da ruwa, kare ya sha, tsuntsu ya sha. Ba a ɗora wa jakinsa mangala sai ya ci dusa. Duk Argungu ba wanda ya ce ya zama Bature.

Na kuma san abin da ke ƙarƙashin tambayar: tun da 'yar'uwarka ta auri Bature ake cewa gidana ya tashi daga Hausa. Mijin nan ya musulunta, tare muke zuwa Juma'a. Jikokina na durƙusawa su gaishe ni da Hausa, ko da harshen ya ɗan karkace, kuma tuwon shinkafa da miyar kuka suke roƙon kakarsu. In an sake tayar da zancena a majalisa, ka kira ni ka ji daga bakina. Ka gaida babanka da mutanen gida.