Daga Daura zuwa Gashaka-Gumti: Ina jirgi zai ajiye mu, ina mota za ta karɓa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Daura, ina koyar da labarin ƙasa. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa Gashaka-Gumti ne gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya, amma ban taɓa taka ƙafata can ba. Mu huɗu ne muka yi adashe, muna so mu je a hutun ƙarshen shekara. Ɗayanmu ya ce jirgi za mu bi, mu isa a yini guda. Wani kuma ya ce mu shiga Corolla ɗinsa tun daga gida. Kwana biyar muke da su. Wace shawara za mu bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ba kasafai mutanenmu na nan kan ɗaura niyyar zuwa Gashaka ba. Da an ce yawon buɗe ido sai hankali ya tafi Yankari. Allah ya cika muku wannan buri.

Abokan naka biyu kowa ya faɗi rabin gaskiya. Jirgi zai taimake ku, mota kuma ba makawa sai kun shige ta. Amma babu jirgin fasinja da zai kai ku gandun a yini guda, kuma Corolla ba za ta shiga cikinsa ba. Ni idan ina tsara wa mutane wannan tafiya, daga ƙarshenta nake farawa, in taho baya har gida, saboda wahalar duk a ƙarshen take. Bari mu yi hakan.

Gandun yana kan iyakarmu da Kamaru, ya ratsa jihohi biyu. An kafa shi a 1991, aka haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti wuri guda, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Idan kana so ɗalibanka su gane girman, ka ce musu ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na jihar Katsina. Ɓangaren arewa, wato Gumti, yana wajen Toungo a jihar Adamawa. Na kudu, Gashaka, yana jihar Taraba, kuma nan ne duwatsu da kurmi da koguna suke, nan ne kuma baƙi suka fi nufa. Hedikwatar gandun tana Serti, babban garin ƙaramar hukumar Gashaka. To, sunan da za ku riƙe ke nan: Serti. Duk wanda zai shiga ta kudu sai ya fara yada zango a nan, a rubuta sunansa, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da ma'aikacin gandu da zai yi masa rakiya. Ba a shiga a kaɗaice, kuma daidai ne, domin daji ne na gaske.

Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka, inda masaukin baƙi na cikin daji yake, kimanin kilomita 35 ne. A lissafinmu na mutanen Daura wannan tafiyar rabin awa ce, kamar a ce ka leƙa Mai'aduwa ka ɗan wuce. Can kuwa hanyar burji ce mai hawa da gangara, ga duwatsu, ga rafuka, ga kuma kogin da ake kira Mayo Kam. Da rani ruwan kan janye har babbar mota ta iya ratsawa. Da damina kuwa kogin kan cika ya tumbatsa, sai kwalekwale, sai babur a wancan gefen, sai ƙafa. Kar ka auna daminarsu da tamu. A nan ruwa wata huɗu ne, ya ɗauke. Can yakan fara tun Afrilu, ya kai Oktoba yana zuba, wani lokaci har cikin Nuwamba. Saboda haka kun zaɓi lokaci mai kyau: daga Disamba zuwa Maris ne hanya take buɗe, ciyawa ta yi ƙasa, ana kuma iya hango dabbobi a bakin ruwa.

Wannan guntuwar hanyar ce ta hana Corolla. Abin da ake buƙata mota ce mai tsayin ciki, mai jan ƙafa huɗu, irin su Hilux, da direban da ya san mashigar kogin. Direban ya ma fi motar muhimmanci. Na sha ganin mota mai lafiya ta kafe a rairayi saboda wanda ke riƙe da sitiyari baƙo ne. Ku tuntuɓi ofishin gandun tun kafin ku sayi tikitin jirgi, su gaya muku halin da hanyar take ciki a wannan makon, da yadda za a samu mota da masauki, da kuma yanayin tsaro. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors take aiki tare da hukumar gandun dajin ƙasa wajen kula da wurin, an ɗauki ƙarin masu sintiri an horar da su, amma duk da haka labarin jiya ba ya maye gurbin na yau. Ku kira, ku sake kira ana gobe za ku tashi.

Mu ƙara ja da baya. Daga Jalingo ake zuwa Serti, a bi ta Sunkani da Garba Chede da Bali. Kwalta ce, amma akwai wuraren da ta lalace, ga shingayen jami'an tsaro, don haka ku ware mata awa biyar zuwa shida, ban da tsayawa salla da cin abinci. Ku tashi daga Jalingo da an idar da sallar asuba. Ina roƙonku kada ku yi wannan tafiya da dare, komai matsuwa. Ku cika tanki a Jalingo, ku ƙara a Bali, ku riƙe jarka. Ku ciri tsabar kuɗi tun a Jalingo, saboda da zarar kun bar Serti kun shiga daji, sabis ɗin waya ɗaukewa yake yi, ba zancen tura kuɗi. Hausa za ta kai ku ko'ina a wannan hanya, amma wanda ya iya gaisuwa da Fulatanci zai ga yadda fuskoki ke sakewa.

Yanzu maganar jirgi. Filayen da suka fi kusa biyu ne: na Danbaba Suntai a Jalingo, da na Yola. Na Jalingo ya fi sauƙi, domin yana kan hanyarku, sai dai jiragen da ke sauka can kaɗan ne, ba kullum ba, kuma akan dakatar da su a wasu lokuta. Na Yola ya fi samun jirage, amma zai ƙara muku tafiyar mota ta kusan awa uku kafin Jalingo, ko ta Numan, ko ta Mayo Belwa da Zing. Ko wanne kuka zaɓa, ta Abuja za ku bi. Daga Daura kuna da zaɓi: filin Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko na Malam Aminu Kano. Katsina ta fi kusa, amma ni Kano nake ba mutanen Daura shawara, su bi ta Kazaure, saboda jiragen Abuja sun fi yawa can. Idan na safe ya wuce ku, akwai sa ran na rana.

Akwai wani abu da masu sayar da tikiti ba za su tuna muku ba. Lokacin da Mayo Kam ke janyewa shi ne lokacin da hazo ke sauka mana. Kai ɗan Daura ne, ka san yadda gari ke rufewa a Disamba da Janairu har ba ka iya hango bishiyar da ke bakin titi. A irin wannan rana jirgi ba ya sauka, ko a Katsina, ko a Kano, ko a Yola, sai a ɗaga tashi ko a soke shi gaba ɗaya. Ya taɓa faruwa da ni. Mun yini a filin jirgin Katsina tun safe har la'asar, kafin aka ce kowa ya koma gida. Jirginmu na biyu ya tashi daga Abuja ba mu, direban da muka yi haya yana Jalingo yana jira, kuɗin kwanansa na hawa. Tun daga ranar ban ƙara haɗa jirage biyu a ƙure ba. Ku bar tazarar awoyi masu yawa tsakanin saukarku Abuja da tashinku, ko ma ku kwana a can idan kuna da inda za ku sauka. Kuma ku tambayi sharaɗin sauya rana kafin ku biya, domin tikiti mai araha shi ya fi tsada ranar da aka samu matsala.

To mu lissafa kwana biyar ɗin nan. Ranar farko ta ƙare a Daura, Kano, Abuja, Yola ko Jalingo, in komai ya tafi daidai. Ta biyu a hanyar Serti. Ta uku ku shiga gandun. Ta huɗu dole ku fito ku kama hanyar Jalingo, ta biyar ku hau jirgi. Ka ga dare ɗaya tak za ku yi a wurin da kuka tara kuɗi dominsa, kuma hazon yini guda ya isa ya cinye shi. Malam, kwana biyar sun yi kaɗan. Ku nemi bakwai, takwas ya fi.

Idan kuɗin jirgin mutum huɗu, zuwa da dawowa, ya yi muku nauyi, shawarar mai Corolla tana da gurbinta. Ku fito ta Kano, ku bi ta Gombe, ku wuce Billiri da Kaltungo zuwa Numan, sannan Jalingo. Daga Daura zuwa Serti ya haura kilomita 1,000, tafiyar kwana biyu ce cikakku, a kwana a Gombe ko a Jalingo, da direbobi biyu suna karɓa-karɓa. Da rani ƙaramar mota mai lafiya tana iya kaiwa Serti idan aka bi ta a hankali, sai a ajiye ta a nan a shiga babba. Ga malamin labarin ƙasa ma ni ina ganin wannan hanya ta fi riba. Za ka ga yadda ƙasa ke sauyawa da idonka, daga rairayinmu da gawo da kuka, zuwa duwatsun Tangale, zuwa kwarin Binuwai a gadar Numan, har bishiyoyi su fara haɗe kai a sama. Jirgi zai rage muku gajiya, amma idan aka haɗa jiran filin jirgi da kwanan hanya, abin da zai rage na lokaci bai wuce yini guda ba a kowace fuska.

Ina so kuma ku san abin da za ku tarar, don kada gwiwa ta yi sanyi. Idan giwa kuke nema, ko wurin da za a zaga da ku a mota kuna ɗaukar hoto, Yankari ta fi dacewa, ga ta kusa da Bauchi, ga ruwan ɗumi na Wikki. Gashaka wurin tafiyar ƙafa ne. Akwai ɓauna, da gwambaza, da mazo, da gwaggon biri, da dorina a wani gurbi na kogin, da tsuntsaye sama da nau'i 500. A kurminsa ne birin cimfanzi yake zaune, irin wanda ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru, amma ganinsa sai an yi dace, ya fi yawa ka ji kukansa daga nesa ko ka ga sheƙar da ya kwana a kan bishiya. A kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin Jamusawa, tun zamanin da yankin yake ƙarƙashinsu tare da Kamaru. Kogunan da za ku ratsa kuwa su ne ke zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, darasin da kake zanawa a allo.

Na san za ka yi tunanin Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419. Ku ajiye shi sai wata tafiyar. Hawansa kwanaki ne, kuma galibi ta tsaunin Mambila ake tunkararsa, ta wajen Nguroje. Idan dai kun samu kwana takwas, ku ba da yini guda ku hau Mambila daga Serti ta Mayo Selbe, ku ga gonakin shayi da shanu a kan tuddai. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri.

A jaka kuma, kada a manta gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa, da tocila, da katin shaida saboda shingaye. Akwai tsando a bakin rafuka, kuma baƙin tufafi da shuɗi ne ke jawo shi, don haka ku sa masu haske, masu dogon hannu. Ku sayi shinkafa da mai da sauran cefane a Serti, har da na mai rakiyarku.

Wajen dawowa, kada ku ɗora fitowa daga daji da hawa jirgi a rana ɗaya. Ku fito ku kwana a Serti, ko ku zarce Jalingo idan da sauran rana, washegari ku nufi filin jirgi. Ka kuma sa ranar dawowarku ta zama aƙalla kwana biyu kafin a koma makaranta, saboda hazon Janairu.