Tambaya da Amsa: Ma'anonin Kalmar "Time"

Tambaya: Malam, ɗana ya fassara "three times" da "lokaci uku", sai malaminsa ya soke amsar. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malama, malamin ya yi daidai, domin "time" ba lokaci kaɗai take nufi ba. Idan ta biyo bayan adadi, ma'anarta "sau" ce, saboda haka sau uku ake nufi. A lissafi ma "four times five" huɗu sau biyar ke nan, wato 20. Inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne tsakanin "on time", wato zuwa daidai lokacin da aka tsayar, da "in time", wato isa kafin dama ta kuɓuce, kamar matafiyin da ya riski mota a tasha direba yana shirin tayar da ita.