Tambayi Likita: Ciwon suga nau'i na 1 da zaman ƙasar waje

Tambaya: Likita barka da aiki, zan tafi Ingila karatu na shekara 2, insulin nawa zan ɗauka kuma ya zan yi in ya ƙare?

Amsa: Ƙanena Allah ya ba da sa'a. Kar ka ce za ka kwashi na shekara 2, lalacewa zai yi, ɗauki na kamar wata 2 zuwa 3 da allurai da tsinken gwaji, ka sa su a jakar hannunka, ban da akwatin da za a auna, don sanyin wajen kaya a jirgi yana iya daskarar da shi, kuma insulin in ya daskare to ya tashi aiki ko da ya narke. Ka karɓi takarda daga likitanka mai ɗauke da ainihin sunan maganin, saboda sunan kamfani yana canzawa, NovoRapid da ka sani shi ne NovoLog a Amurka, ainihin sunansu duka aspart ne. Kana sauka a makon farko ka yi rajista da GP, wato likitan unguwa, kuɗin lafiya da ka biya tare da biza ya ba ka damar NHS, wato tsarin kula da lafiya na gwamnati, sai ka cike fom ɗin FP92A na yafe kuɗin magani, don masu suga da ke kan magani a Ingila ba sa biyan kuɗin magani. Wani abu kuma, mitarsu ta gwajin suga ma'aunin mmol/L take nunawa, in ka saba da mg/dL raba da 18, wato 180 ya zama 10.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Indiya, tun da ya fara sayen insulin a can sugansa ba ya sauka alhali bai rage allura ba.

Amsa: Hajiya ki kira shi yau ɗin nan ya duba jikin kwalbar. A Indiya har yanzu ana sayar da U-40, wato yunit 40 a kowane ml, shi kuma mai yiwuwa sirinjin U-100, wato na yunit 100 a kowane ml, ya tafi da shi daga gida, to in ya ja zuwa 20 a wannan sirinji yunit 8 kawai ya shiga jikinsa. In aka juya kuma, U-100 a sirinjin U-40, ya fi haɗari don ninki biyu da rabi zai zuba wa kansa, suga ya faɗi ya sume. Lambar kwalba da ta sirinji dole su zo ɗaya. In kuma yana amai ko ciwon ciki ko numfashi sama-sama, asibiti kawai, kada ya jira gari ya waye.

Tambaya: Direba ne ni a Riyad, zafi ba ya ɓata allurar?

Amsa: Yana ɓatawa sosai malam. Insulin ɗin da ba a buɗe ba a sa a firji, digiri 2 zuwa 8, nesa da firiza. Wanda kake amfani da shi yawancinsu kwana 28 ne in zafi bai wuce 30 ba, kuma kai ka fi ni sanin yadda mota take zama in an faka ta a rana, don haka in za ka fita ka fita da shi cikin ƴar jakar sanyi, kar dai ya taɓa ƙanƙara. Ka kuma tambayi mai gidanka ko inshorar da ya yi maka ta haɗa da insulin da tsinken gwaji.