Tambayoyinku: Me ya sa hotunan ƙwallon unguwarmu ke fita dishi-dishi?

Tambaya daga Jega: Assalamu alaikum Malam. Duk wasan da ƙungiyar unguwarmu za ta buga ina bakin fili da wayata Tecno, ni ke ɗaukar musu hoto. Amma yawancin hotunan dishi-dishi suke fita, musamman lokacin da aka ci ƙwallo. Laifin wayar ne, in canza wata?

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka yi gaggawar sayar da wayarka, matsalar tana ga haske da kuma inda kake tsayawa.

Wasan unguwa a wajenmu bayan la'asar ake take shi, a tashi dab da magariba. Ita kyamara tana buɗewa ne na ɗan ƙanƙanin lokaci don haske ya shiga. Idan rana ta yi sanyi, sai wayar ta ƙara wa kanta wannan lokaci, har ya kai kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa. Kafin ta rufe, ɗan wasan da ke gudu ya matsa fiye da tsawon tafin hannu, ƙafar da ta buga ƙwallo kuwa ta yi nisa. Dishi-dishin ke nan.

Shiga kyamararka ka nemi inda aka rubuta Pro. A ciki akwai harafin S, shi ne saurin ɗauka. Sa shi a 1/500, in kuma rana na da ƙarfi ka kai shi 1/1000. Za ka ga hoton ya yi duhu, to sai ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 400 ko 800. Hoton zai yi ɗan tsaki-tsaki, amma ni a ganina gara hakan da a kasa gane fuskar wanda ya ci. Idan wayarka ba ta da Pro, gwada manhajar Open Camera, kyauta ce a Play Store, sai dai ba kowace waya ke ba ta damar sarrafa saurin ba. Ko ma dai yaya, yi ƙoƙari ka samu mafi yawan hotunanka kafin hutun rabin lokaci, tun da sauran rana.

Sai wurin tsayawa, wanda ya fi duk saitin nan muhimmanci. Ka ba rana baya, wato da yamma ka tsaya ta yammacin fili. In ka fuskance ta, 'yan wasa baƙi ƙirin za su fito, ga ƙurar da ƙafafu ke tayarwa ta rufe komai, balle a lokacin hunturu. Fili ya kai tsawon mita 100, waya ba za ta jawo maka abin da ke can ƙarshe ba. Jawo hoto da yatsu biyu yanka shi kawai yake yi yana buɗa abin da ya rage, shi ya sa yake fashewa. Ka koma kusa da kwana ta ɓangaren ragar da 'yan wasanku ke kai wa hari, ka tsuguna, ka jira ƙwallo ta zo gare ka. Ka sanar da masu shirya wasan tukuna, kuma kada ka tsallake layi ka shiga hakkin rafali.

Bugun kwana da fenareti su ne damarka, don ka san inda ƙwallo za ta faɗa. Ɗora yatsa a kan gola a fuskar wayar na ɗan lokaci har saitin ya kulle a wurin. A wayoyi da yawa idan ka danne maɓallin ɗauka ba ka saki ba, za ta jero hotuna da yawa, daga baya ka zaɓi mai kyau. Kafin a take wasa kuma goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi, gumin aljihu kaɗai ya isa ya ɓata hoto.

Ina roƙonka kada ka tsaya kan ƙwallo kaɗai. Da ta shiga raga, juya ka ɗauki yaran da suka ruga da gudu, da dattijon da ya miƙe daga benci hula a hannu. Su ne hotunan da 'yan unguwa za su nema bayan shekaru. Sai dai ka nemi izini kafin ka sa fuskar ɗan wani a Facebook.

Tambaya daga Argungu: Hotuna na fita tas a wayata, amma da na tura su zauren ƙungiyarmu na WhatsApp sai su lalace.

WhatsApp na matse hoto ne don rage cin data. Tun 2023 akwai alamar HD a sama lokacin turawa, taɓa ta don a rage matsewar. In kana son hoton ya isa yadda yake, musamman wanda za a kai a wanke, tura shi a matsayin takarda ta wurin alamar maƙala fayil.

Tambaya daga Birnin Kebbi: Wayata kan yi zafi a fili har kyamara ta rufe kanta.

Kare kanta take yi, ba lalacewa ba ce. Cire mata riga, rage hasken fuskarta, kada ka bar kyamara a buɗe tsawon minti 90 ɗin. Kada kuma ka yi caji da fawa banki kana ɗaukar bidiyo, zafi biyu ke haɗuwa. Bari sai an tafi hutun rabin lokaci ka jona ta a inuwa.